Abin da Gwangwani Yake Gani

Auta ta tura kaset ɗin, ta ɗan mari gefen talabijin, hoton ya daidaita. Sannan ta ajiye farantin shinkafa a gaban Baba, inda ta ajiye na jiya da na shekaranjiya.

Baba bai dubi farantin ba, ita ma bai dube ta ba. Tun da ciwon mantuwa ya kama shi ya daina kallon fuskar mutane, ƙasa kawai yake duba kamar wanda allurarsa ta faɗi. Kuma ba ya cin abincin baƙo. Abin damuwar shi ne yanzu kowa baƙo ne, har 'yar da ya haifa.

Yaya ya riga ya yanke hukunci a waya. In Baba bai ci ba zuwa ƙarshen mako, asibiti za a kai shi a zura masa roba ta hanci. Auta ta san ɗakunan can, ƙofa a rufe, taga a rufe. Baba kuwa tun yana da lafiya ba ya jure wuri a rufe, zufa ce za ta karyo masa.

"Kaset ba magani ba ne, ƙafar agwagwa," in ji Yaya kafin ya kashe wayar. Tana da 'ya'ya uku, har yau sunan da yake kiranta ke nan.

Shirin tsoho ne, baƙi da fari, labarin wani kumbo da ya ɓata a cikin taurari. Akwai Kyaftin mai gashin baki. Akwai Likita, wadda ke son Kyaftin ta ƙi faɗa. Akwai wata marainiya da suka tsinta a wata duniya, sai kuma mutum-mutumin ƙarfe da ake ce wa Gwangwani. Taurarin ƙananan fitilu ne a jikin baƙin yadi, kuma mai lura zai hango wayoyi birjik a ƙasan kumbon.

Halin Kyaftin a fili yake, girman kai ne. Na Likita kuma zurfin ciki. Gwangwani ne ya gagari masu kallo. Da fari Kyaftin yake yi wa biyayya. Sai ga wani kashi yarinyar ta fito da filasta a haɓa, ba wanda ya ce ga dalili, daga nan Gwangwani ya koma bin ta. Kumbo na cin wuta, Kyaftin na ihu, shi yana bayan yarinya ƙwaram-ƙwaram. A zamanin an sha gardama a shaguna da ofisoshi. Wasu suka ce ɗan leƙen asiri ne. Wasu suka ce uwar yarinyar ce ta ƙera shi. Wani malamin makaranta ya rantse cewa na'ura ce ta koyi tausayi.

"Malama," Baba ya ce, idonsa na kan gindin talabijin. "Wannan ƙarfen me yake nema wajen 'yar mutane?"

"Kai za ka gaya mini, Baba."

"Ƙarfe ba shi da zuciya. Ba ya jin maganar Kyaftin, ai korarsa ya kamata a yi."

"An so a yi," ta ce, tana shafa haɓarta.

Ta ɗebo cokali ɗaya ta kai masa, ya datse baki. Ta roƙa, ta yi lallashi, ta kira sunan marigayiya Mama. Baba ya ce ya gode, ya ci a gida. Shinkafa ta huce. Yara sun kusa tasowa daga makaranta, ba ta ɗora musu komai ba, ga robar hancin nan ta tsaya mata a rai.

Ta ɗauki kofin shayin da ta haɗa masa, kofin ya suɓuce. Shayi ya jiƙa silifas da safar da ba ta rabuwa da ita, don tun tana budurwa ba ta son a ga ƙafarta. Ta ce innalillahi, ta tuɓe su, ta tattare bakin doguwar rigarta, ta nufi kicin ɗauko tsumma. Ƙafar hagu tana karkacewa ciki, yadda take tun ranar da ta fara tafiya. Wayar talabijin na kwance a tsakar ɗakin.

Baba ya miƙe. Bai juya wuya ba, jikin ya juyo gaba ɗaya kamar yadda ya saba, hannuwa a miƙe.

"Auta, waya! Ɗaga ƙafa."

Ta ɗaga. Ya bi ƙafar da ido har ta tsallake.

"Sau nawa zan faɗa miki? Kullum kina kallon sama." Ya koma ya zauna, ya jawo farantin. "Wa ya dafa wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Ta huce." Ya kai cokali baki, ya ƙara wani.

Auta ta tsaya da bakin riga a hannu, ta kasa saki. A talabijin Kyaftin na ta ihu, Gwangwani na bin marainiya a baya. Ta dubi 'yar tsagar da ke ƙasan ƙirjin Gwangwani, wadda masu gardama ba su taɓa kula da ita ba. Ta nan kawai ake gani daga ciki, kuma ƙasa take kallo. Baba ne a cikin ƙarfen, ita ce marainiyar. Da ƙafa Baba ya san kowa a ɗakin ɗaukar shirin nan, kuma tun ranar da 'yarsa ta yi tuntuɓe da waya ta fasa haɓa, bai sake bin ƙafar kowa ba sai tata.