Masuntan Da Suka Ƙona Komayensu

Hashimu, na ji an ce da kai za a je taron nan na ƙasashe, inda masana za su yi bayani sannan a amince da dokar da kowa zai bi. Allah ya sa a dace. Amma zauna tukuna in ba ka wani misali.

An yi wasu garuruwan masunta a jere a bakin kogi guda. Babban cikinsu yana can sama inda ƙasa take da laka, ƙaramin kuma yana ƙasa, inda ruwa ke bajewa cikin yashi. Sai kifi ya soma ƙaranci. Mutum ya wuni a kwalekwale ya dawo da abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Kowane gari ya ce maƙwabcinsa ne ke kwashewa, aka shiga yanke wa juna koma, har ta kai an soki wani magidanci da mashi a kan tarwaɗa guda. Ana cikin haka babban gari ya kira taro, ya gabatar da wani masani da ya daɗe yana nazarin kifi. Mutumin bai cika su da surutu ba. Ya tsaga cikin karfasa a gaban jama'a, ga ƙwai cunkus. Ya ce da farkon damina kifi ke haurawa sama ya zuba ƙwai, don haka wanda ya kama uwa a lokacin ya kashe abincin baɗi. Ya zazzage wata koma mai ƙananan idanu, 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba suka zube a ƙasa suna mutsu-mutsu. Kowa ya gani da idonsa, ba mai musu. Nan aka yi rantsuwa cewa da ruwan farko ya sauka ba wanda zai jefa koma a kogi sai kaka ta gabato, kuma duk komar da wani zoben ƙarfe bai ratsa idonta ba, a ƙona ta. Mutanen ƙaramin gari suka koma gida suka tara komayen da suka gada, suka cinna musu wuta, mata na tsaye suna kallo.

Faɗa ya kwanta, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani masunci a ƙaramin garin da hankalinsa bai kwanta ba. Ya san mutanen babban gari da ja-in-ja ko a kan inuwar bishiya, sai ga shi ranar taro sun amince da komai suna fara'a. Da damina ta yi nisa, yaransa na cin tuwo da miyar kuka tsura, sai fatake suka gangaro daga sama da kwandunan kifin banda. Suka ce wai na bara ne. Masuncin ya danna ɗaya da babban yatsa, mai ya fito, ga ƙamshin hayaƙi kamar jiya aka sauke. Ya jira har aka yi rasuwa a babban garin, ya tafi ta'aziyya, da ya gama ya zaga ta bayan gari kamar mai neman wurin kama ruwa. Can ya tarar da manyan tafkuna da aka haƙa da hannu, kowanne da magudanar da ke jawo ruwa daga kogi. Kifin da ya hauro zuba ƙwai yana jin ruwa mai kwanciya sai ya ratse ciki, a datse bakin magudanar da shinge. A gefen tafkunan har bishiyoyi sun tasa sun fi mutum tsawo, alamar an haƙa su tun kafin a yi zancen taro.

Ya kai ƙara gaban dattawan garuruwan duka. Dattijon babban gari ya bari ya gama, sannan ya ce, "Malam, a kan me muka rantse? A kan kogi. Ka ga komarmu a kogi?" Aka juya wajen masanin. Ya sunkuyar da kai, ya ce abin da ya faɗa a kan kifi yana nan daram, amma shi ba wanda ya nuna masa tafki, ba kuma wanda ya tambaye shi. Sauran garuruwan suka tuna da mutumin da aka soka da mashi, suka ce ba za su koma wancan zamani ba, duk wanda ya karya rantsuwa su duka ne a kansa. Masuncin ya dawo gida. Ya tara mutanensa suka haƙa nasu tafkin, suka jawo ruwa, yashi ya shanye. Suka sake haƙawa a wani wurin, ya sake shanyewa. Haka suka zauna suna bin doka, duk damina suna sayen kifin koginsu a hannun mutanen sama.

Ban ce maka masanin ya yi ƙarya ba, Hashimu, kuma dokar ta hana zubar da jini. Sai dai in ka zauna a zauren taron nan ka ga wanda ya fi kowa ƙarfi ya fi kowa saurin cewa na yarda, kada daɗin bayani ya ɗauke ka. Ka nemi sanin abin da ya tanada a bayan gidansa kafin ya kira ku. Hausawa sun ce, wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi.