Tayar Gaba Ta Ƙi Fitowa

Tafiyar minti hamsin ce tsakanin filayen jirgin biyu, amma ga mu awa biyu a sama muna ta zagaye gari. Tayar gaba ta ƙi fitowa. Dole a ƙone mai kafin a gwada sauka, don kada jirgin ya kama da wuta.

Gumi ya jiƙe min riga. Amma na rantse ba wanda zai ga tsorona. Daga bayana ina jiyo salati da kukan yara, wani dattijo yana ta ihu: "Ku ce wa direban nan ƙananan yara na baro a gida!"

Muka sauko. Hancin jirgin ya gurji kwalta, tartsatsi yana tashi, ƙara kamar za ta tsaga kunne. Sai tsit.

A ƙasa dattijon ya ture 'yan kwana-kwana. "Ina direban? Wallahi namijin duniya ne, sai na rungume shi!"

Na matso gabansa da rigar matuƙa jirgi a jikina.

"Sannu, Kawu. Har yanzu tuƙin jirgi ba aikin mata ba ne?"

Ya zauna daɓas a kan kwalta.