Bidon Ɗaya Ya Rage

"Baba, ruwa bidon ɗaya ya rage," in ji 'yar Liman daga bakin ɗakin da gawar uwarta take kwance. "Mu yi wa Inna wanka, ko mu bar wa yara su sha?"

Liman ya tuna ranar da sufurefe, jami'in gwamnati mai kula da yankin, ya zo daga Garwa da jerin motoci, ya ce gwamnati za ta kafa masana'antar da za ta tsaga ruwa ta fitar da iskar haidurojin, makamashi marar hayaƙi da Turawa ke rububinsa. Shi aka kira ya sa albarka. Da kansa ya tofa addu'a a buta, ya kwarara ruwan a kan tubalin farko, jama'a suna ta amin.

Daga nan rijiyoyin ƙauyen suka riƙa ƙafewa ɗaya bayan ɗaya. Aka tare hanyar kogi da waya. Tankar ruwan da kamfanin masana'antar ya yi alkawari kuwa, in ta zo yau, sai an manta kamanninta kafin ta dawo.

Jikokinsa na raɓe a gindin darbejiya, leɓɓansu duk sun tsattsage.

"Ki ba yaran su sha," ya ce. "Shari'a ta yarda a yi mata taimama."

Ya durƙusa ya dafa ƙasa da tafukansa, domin ya shafi fuskar matar da ta tsufa tana ɗebo masa ruwan alwala. Sai ya ji ƙasar tana ɗan rawa a ƙarƙashin hannunsa. Injinan kamfanin ne, can ciki, suna ta zuƙar ruwa.