Layin da Baba Ya Fi Ƙawatawa

Tana ɗaga katin bikinta daga teburin mahaifinta, gabanta ya faɗi.

Rubutun ya tsaru, haruffa na lanƙwasa cikin ruwan zinare. Ba banza angwaye ke layi a shagonsa tun tana goye ba. Amma ƙarƙashin sunan angonta ya zana: "Baba, kar ka manta da shan magani."

Saƙon da ta rubuta masa ne a gefen takardar da ta ba shi ya kwafa.

"Baba, karanta min nan," ta ce.

Ya daɗe yana kallon layin, yana shafa shi da yatsa.

"Addu'a ce ko, 'yata? Shi ya sa ita na fi ƙawatawa."