Shekarar da Fara Ta Sauka a Guci

Mainassara yana da rumbu biyu a bayan gidansa a Guci, kuma a wata damina ta zamanin Nasara duka biyun cike suke da geron bara. Gonarsa ma ta yi kyan da bai taɓa gani ba. Gero ya fi mutum tsawo, ya fid da kai, har yara sun fara zancen tumu.

Sai fatake suka zo kasuwar Sassumbrum daga wajen Kano, suna sayen hatsi da tsada. Dama Mainassara ya daɗe da sa ido a kan wani jan doki. Yana dawowa gida ya ce a fasa rumbunan.

Mahaifiyarsa, Goggo Ɗela, ta ce, "Ɗan nan, ka bari sabo ya shigo gida tukuna."

Ya ce, "Goggo, ai kamar ya shigo ne. Ki je ki ga gonar."

Matarsa Turai ta roƙe shi ya bar ko guda. Ya bar mata abin da zai kai su girbi kawai, ya sayar da sauran ya sayi dokin. Maƙwabcinsa, wani dattijo mai suna Gajere, ya ƙi sayar da nasa, Mainassara ya yi masa dariya a bainar jama'a ya ce, "Baba, gara kake yi wa ajiya."

Ba a jima da ɗaure doki a turke ba, wata rana da la'asar, mata suna daka, gabas ta yi ja kamar hadari ya taso. Babu iska, babu tsawa. Fara ce. Ta rufe rana, ta sauka a kan gonaki har rassan itace suna karyewa don nauyinta. Aka fito da ganguna, aka tada hayaƙi, duk a banza. Da ta tashi, kara ne kaɗai a tsaye. Wake da gyaɗa ma ba ta bar musu ganye ba.

Farar da mata suka kama suka soya ba ta daɗe ba. Aka koma cin 'ya'yan anza na daji, ana jiƙa su har ɗacin ya ragu. Doki babu mai saye. Ya rame, ya mutu a turkensa.

Gajere kuwa ya buɗe rumbunsa. Kullum da safe ana dama kunu a ƙofar gidansa, duk mai ƙwarya ya miƙo. Mainassara ya hana iyalinsa zuwa. In an tambaye shi sai ya ce suna da saura.

Ɗan abin da Turai ta samo, in ta zuba wa Goggo Ɗela, sai tsohuwar ta tura wa jikokinta ta ce, "Na ƙoshi." Kafin bazara ƙafafunta suka kumbura. Ta kwanta, ba ta tashi ba.

Bayan an rufe ta, Mainassara ya ɗaure 'yan kayansa zai yi kudu da iyalinsa. Gajere ya same shi a zaure.

"Ina zuwa da ƙananan yara a wannan zafi?"

"Inda Allah Ya kai mu, Baba."

"Me ya hana ka zuwa gidana tun Ɗela tana da rai?"

Mainassara ya sunkuyar da kai. "Kunya, Baba. Bayan abin da na faɗa maka."

Dattijon ya ce, "Wallahi na manta da shi tun ranar. Sauke kayan nan. Turai, ɗauko ƙwarya ki biyo ni."

Mainassara ya durƙusa ya kama hannunsa, ya fashe da kuka.

Da geron Gajere yaran suka ga ruwan farko. Shi ne kuma ya auna wa Mainassara iri, ya ce ba rance ba ne. Mutanen unguwa suka yi wa Mainassara gayya, don ƙarfinsa bai dawo ba tukuna. Tun daga wannan shekara, in damina ta faɗi, gonar Gajere yake fara shiga da hauyarsa kafin tasa. 'Ya'yansa suka girma suna jin ana gaya musu, "Bayan Allah, wannan tsohon ne ya raya ku."

Jama'a, fara da fari da ambaliya ba sa aiko da sanarwa. Kada kyan gona ya sa mu rabu da ajiyarmu, kada kuma kunya ta hana mu faɗin halin da muke ciki tun da sauran lokaci. Wanda ya buɗe mana rumbunsa ranar wahala, mu riƙe alherinsa har ƙarshen rayuwarmu.