Zanen Ganuwar Argungu

Mutumin ya sake dawowa shagon gwal na Ajoke da ke unguwar Badariya, ko zobe bai taya ba. Kujerar da ya saba ya ja ya zauna, ya ƙura wa zanen da ke bango ido.

Tsohon zanen ganuwar Argungu ne, bugun Turawan da, an bi shi da launi da hannu. Gadon mahaifinta ne, masu kuɗi sun sha tayawa tana hanawa.

"Malam, ba na sayarwa ba ne fa."

"Kallo dai nikai, Madam."

Yana fita ta kira Tamba maigadi. "Ban yarda da mutumin ga ba. Ɗauko tsani mu sauke zanen, in kai shi gida."

Kafin Tamba ya dawo, ta zauna a kujerar, ta ɗaga kai.

Daga nan ko ganuwar ba a gani, gilashin da ke rufe da zanen ya zama madubi. A cikinsa ga akwatin ƙarfen da take ajiye gwal, tar, da maɓallan lambobin buɗe shi da ta danna ɗazu tana zaton bayanta ya kare su.