Saƙon da Ya Makara

Sai da la'asar gwajin ya yi nasara, bayan ta yi wata bakwai tana fama. Injiniya ce a kamfanin sadarwa, aikinta shi ne tsara kan saƙon da ke gudu tsakanin injin ofis da eriyar da ke saman ƙarfen sabis, wato 'yan gurabe na lamba da na lokaci da ke farkon kowane saƙo. Da hannunta ta rubuta dokar: duk saƙon da ya iso bayan lokacin da ke rubuce a kansa, a yar da shi, kada ma a buɗe.

"Ko ɗan tausayi babu?" ogansu ya taɓa tsokanarta.

"Oga, eriya ba ta jiran kowa."

Ɗakin gwajin lulluɓe yake da ƙarfe, sabis ba ya shiga, kuma tun safe take ciki. Tana turo ƙofa wayarta ta hau kuka. Yayanta ne.

"Ke, ina kika shiga? Tun hantsi Baba yake kiran sunanki."

"Ga ni nan, Yaya. Ce masa ga ni nan."

Yaya ya ce ta taho asibiti kawai, ya kashe wayar.

A asibiti ta tarar har an yaye zanen gadon Baba, ya riga ya cika. Ta tsaya riƙe da jakarta, bakinta cike da ban haƙurin da ta tanada tun ranar da ta ɗaga wa Baba murya, tana jira sai aiki ya lafa. Ta tsara shi tsaf, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Lokacinsa ne kawai ya wuce.